Kwamfuta ta ce wat 10, benci ya ce wat 7: waye maƙaryaci?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum manyanmu. Na zana amfilifaya a kan GHz 3.5 da tiransiston GaN HEMT (na galiyam naitiraid), bolt 28 a diren, wato ƙafar fitar sigina, aji AB. Na ɗauko samfurin lissafin da masu ƙera shi suka bayar, na saka a manhajar zane, ta ce zan samu wat 10 da PAE, wato kason wutar da aka ci da ya koma ƙarin ƙarfin sigina, sama da kashi 60. Allo ya iso, na harhaɗa, na ɗora a benci: da ƙyar nake ganin wat 7, PAE kuma ko 50 bai kai ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, da na auna S-faramita (lambobin yadda ƙaramin sigina ke wucewa da dawowa) da na'urar awo ta VNA sun hau kan na kwamfuta ɗas. To in ƙaramin sigina ya yi daidai, me ya hana babba? Samfurin ne na bogi, ko akwai abin da ban sani ba?

Anti Mai Gwaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka shaƙe wuyan samfuri, fara tuhumar bencinka. Tsakanin wat 10 da wat 7 dB 1.5 ne da ɗoriya, kuma benci kaɗai yana iya haɗiye rabin wannan ba ka sani ba. Daga bakin allonka zuwa mitar ƙarfi akwai kebul, akwai kofla, akwai atenuweta. Kai ka auna asarar kowannensu a GHz 3.5, ko lambar da ke jikinsu ka ɗauka? Atenuwetan da aka rubuta wa dB 30 ba dole ne ya zama 30 cif ba, balle in ya ɗau zafi. Rabin dB da ya ɓace maka a lissafi kusan kashi 11 ne cikin ɗari na ƙarfi, wato PAE ɗin 60 ya koma 53 ko 54, tiransisto kuwa bai ci ba bai sha ba. Sai kanekta: da yatsa ka ɗaure ko da sifana mai awo? Mai milimita 3.5 N·m 0.9 take so, ba ƙarfin damtse ba. Ka kuma duba boltej a ƙafar diren lokacin da karent ya hau, kada ka yarda da abin da fuskar akwatin wuta ke nunawa.

Baba Injiniya

Maganar Anti a kan hanya take, da ita za a fara. Amma ɗana, ka cire wa ranka cewa dacewar S-faramita shaida ce. Da sigina ɗan mitsitsi ake auna su, dBm -20 ko ƙasa da haka. Tiransisto na zaune wuri guda, ana ɗan zungurarsa yana ɗan motsawa. A babban sigina kuwa boltej ɗin diren lilo yake yi daga gwiwa, wato mafi ƙasan inda yake iya sauka, bolt 4 ko 5, har ya haura 50, karent kuma daga sifili zuwa ƙololuwa, sau biliyan 3.5 a daƙiƙa guda. Ka saurari injin mota yana silo ka ce ka san yadda za ta hau tudu da kaya? Abin da VNA ta gaya maka shi ne kafasitans da tiranskondaktans na wurin da ka ajiye bayas daidai suke. Ba ta leƙa gwiwa ba, can kuwa ƙarfi yake fitowa.

Wani abu a gefe, tunda sabo ne kai: get, ƙafar da ke sarrafa karent, ake fara ba wa boltej mara kyau ya rufe, sannan a kunna diren. Wajen kashewa a juya. GaN a buɗe yake in get ba shi da wuta.

Ɗan Koyo

Na gode Anti, na gode Baba. Na auna duk layin fita da VNA tun kafin gwaji, kuma na sake yanzu, lambobin ba su sauya ba. Boltej a ƙafar diren yana nan a 28. Sai dai na lura da wani abu. Na saita karent ɗin hutu, na buga sigina har ƙoshi, na kashe. Karent ɗin bai koma inda na bar shi ba, ya faɗi ƙasa sosai, sannan ya riƙa hawa a hankali ina kallonsa a mita har ya dawo. Wannan yana da alaƙa?

Mai Samfuri

Ai ruwa ba ya tsami banza. Malam, ka ga tarko da idonka.

A GaN akwai gurabe a fatar sama tsakanin get da diren, da kuma cikin shimfiɗar ƙasa, inda elektoron ke faɗawa su maƙale idan boltej ya yi yawa. Wasu ma da gangan aka jawo su: ana zuba ƙarfe ko kabon a shimfiɗar ƙasa don kada karent ya yi yoyo ta ƙarƙashi, sai su zo da nasu tarkon. Matsalar ita ce kamawa da sauri take, saki kuma da nawa. Faɗawa cikin ƙiftawar ido, fita kuwa daga maikurosakan har daƙiƙoƙi. Saboda haka duk lokacin da diren ya yi lilo zuwa bolt 50 tarko na cika, kafin ya saki lilo na gaba ya zo. Cajin da ya maƙale yana ture elektoron ɗin hanya, karent ya ragu, gwiwa ta matsa gaba.

Mu ɗan buga lissafi da lambobin misali. Ƙarfin fita kusan boltej ɗin diren a debe na gwiwa, sau ƙololuwar karent, a raba huɗu. Gwiwa a bolt 4, karent amfiya 1.5: 24 sau 1.5 raba 4, wat 9. Yanzu gwiwa ta koma bolt 7, karent ya ragu da kashi 15: 21 sau 1.275 raba 4, wat 6.7. Ka ga dB 1.3 ta tafi, S-faramita kuwa ba za su ce maka uffan ba.

Awon DC na yau da kullum ba ya kama wannan, domin a hankali yake tafiya, tarko na samun sararin saki, zafi kuma na cakuɗa komai. Da gajeren bugu ake yi, nanosakan ɗari biyu zuwa ɗari biyar, da dogon hutu a tsakani. Ka fara daga hutun get 0 diren 0, wannan ne tiransisto mai tsabta. Ka sake daga get a rufe diren 0, ka ga aikin tarkon sama. Ka sake daga get a rufe diren 28, ka ga abin da zai faru a bakin aiki. Tazarar da ke tsakanin layin farko da na ƙarshe ita ce wat ɗinka da suka ɓata.

Baba Injiniya

Wannan lissafin na layin lodi Steve Cripps ya yaɗa shi tun 1983, da fensir ake yi. Har yau ba na buɗe manhaja sai na yi shi a bayan takarda. In kwamfuta ta ba ni abin da ya fi shi da nisa, ita nake tuhuma.

Anti Mai Gwaji

Ban musa tarko ba, amma kada mu yanke hukunci da shaida ɗaya. Zafi ma yana rage karent, kuma shi ma yana da nasa jinkirin. Ga gwaji mai sauƙi ƙanena: ka ɗauki hoton yadda karent ɗin hutu ke dawowa a osiloskof, gindin allo a digiri 25. Ka ɗumama gindin zuwa 70 ko 80 ka sake. Tarko yana saurin saki in ya ji zafi, don haka in shi ne, za ka ga dawowar ta gajarta ƙwarai. In lokacin bai wani motsa ba, sai mu koma kan ƙarfen shan zafi da dalmar da ke ƙarƙashi.

Tambaya ta biyu wadda ba wanda ya yi: da wane irin gwaji aka dace samfurin? Sau da yawa lodful ɗin da ke takardar bayanai, wato awon da ake sauya lodi a gano inda ƙarfi ya fi fita, da bugu ake yi, kashi 10 na lokaci a kunne, gindi a sanyaye. Kai kuma kana bugawa ba tsayawa. Ba tiransisto ɗaya kuke magana a kai ba ke nan.

In kana da damar yin lodful da kanka, inda gizo ke saƙar shi ne saitin fikisca, allon da ke riƙe tiransisto wajen awo. Ka yi TRL, dabarar daidaita na'urar awo, a kan irin allon da ka yi amfani da shi, don iyakar awo ta zo daidai ƙafar tiransisto. Dabarar Engen da Hoer ce ta 1979, kuma sharaɗinta bai canza ba: bambancin tsawon layin ya faɗa tsakanin digiri 20 da 160 a firikwensin da kake aiki. Ka kuma tuna TRL da imfidans ɗin layinka take aunawa. In layin om 47 ne kana kiransa 50, duk da'irorin da za ka zana sun goce.

Ɗan Fizis

Ni dai a ganina duk wannan wahalar ta samo asali ne daga tsofaffin samfura. Curtice na 1980, Angelov na Jami'ar Chalmers na 1992, duk lanƙwasa layi ne da tanh har ya hau kan awo, ba ruwansu da abin da ke gudana a ciki. Tun 2018 ƙungiyar CMC mai tantance samfuran tiransisto ta amince da ASM-HEMT da MVSG na MIT a matsayin samfuran GaN, waɗanda aka gina a kan ilimin fizis na na'urar. Me ya sa har yanzu ake raba wa mutane Angelov?

Mai Samfuri

Saboda yana gudu, ɗan'uwa, kuma ba ya kakarewa a tsakiyar lissafi. Wanda ya taɓa barin kwamfuta a kunne ya dawo ya tarar lissafi ya ƙi haɗuwa ya san darajar wannan.

Ina son ASM-HEMT, ina aiki da shi. Amfaninsa na gaskiya shi ne in ka sauya faɗin get ko tazarar diren, yana bin ka da hankali. Amma ka buɗe shi ka duba ɓangaren tarko. Da'irar resisto da kafasito ce, mai saurin caji da jinkirin saki, kuma lambobinta daga awon bugu ake ciro su, kamar yadda ake liƙa wa Angelov. In ba a yi awon ba, fizis ba zai yi maka duba ba. Haka zafi: dole wani ya auna ya saka.

Can ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a bar lissafi gaba ɗaya, a auna komai a zuba a jadawali, irin samfurin Root ko X-faramita. A cikin filin da aka auna ba mai kama ƙafarsu. Taku ɗaya a waje, sai su ba ka amsar da ba ta da kai, kuma ba za su yi maka gargaɗi ba. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne a miƙa wa mutum fayil ba tare da an rubuta masa iyakarsa ba: wane bayas, wane zafi, wane firikwensi, da bugu ko ba tsayawa. Samfurin da aka dace a bolt 28 aji AB ba maƙaryaci ba ne in ya kasa a bolt 48. Tambayar da ba a koya masa ba aka yi masa.

Ɗan Fizis

Na ji, amma ban sauka ba. In za a yi wa samfuri tambayar da ba a koya masa ba, gara mai fizis, kuskurensa ya fi kusa da gaskiya.

Mai Leƙe

Ku yi haƙuri in shigo da tawa, kullum karatu nake ba na magana. A takardun bayanai ina ganin an rubuta MTTF, wato matsakaicin lokaci kafin lalacewa, awa miliyan ɗaya a digiri 200. Na raba, shekara 114 ke nan. Waye ya jira?

Dakta Ƙarko

Ba wanda ya jira, Malam. HEMT na GaN na farko ma a 1993 aka nuna shi. Gasa su ake yi su mutu da wuri, sannan a ja layi.

Ana ɗibar tiransistoci a kasa uku, kowane kashi a ajiye shi da wuta a jiki a zafi daban, duk sama da zafin aiki nesa ba kusa ba. Mutuwa a nan ba ƙonewa ba ce. Tun farko ake yanke cewa in karent ya ragu da kashi 10 ko 20, ko ƙarfin fita ya sauka da dB 1, an mutu. Lokacin da rabin kashi suka faɗi, a rubuta. Ɗigo uku ke nan. A zana su a kan ka'idar Arrhenius mai danganta saurin lalacewa da zafi, gangaren layin ya ba da Ea, ma'aunin yadda zafi ke hanzarta lalacewar, sai a miƙa layin zuwa zafin aiki. Ga tiransistocin GaAs (galiyam asinaid), ƙungiyar ƙa'idojin lantarki ta JEDEC na da ƙa'idar JEP118 a kan wannan, masu GaN ma daga nan suka ɗora.

Yanzu dubi yadda lambar ke rawa. A ce rabi sun mutu a awa 1,000 a digiri 300. In Ea ya fito eV 2, sauka zuwa digiri 200 yana ninka rayuwa kusan sau 5,200, awa miliyan 5 da wani abu. In eV 1 ne, sau 72 kacal, shekara 8 da 'yan watanni. Gwaji ɗaya, tanda ɗaya, gangaren layi kawai ya bambanta.

Sannan digiri 200 ɗin na ina ne? Ba na murfi ba ne, ba na gindi ba. Na wani ɗigo ne a gefen get ta wajen diren, wanda bai kai maikuron ɗaya ba. Kyamarar infrared ba ta ganin abu ƙasa da 'yan maikuron, sai ta gauraya wurin da ke ci da maƙwabtansa masu sanyi ta ba ka lamba mai daɗin ji. Awon Raman, mai amfani da hasken leza, wanda rukunin Martin Kuball na Jami'ar Bristol ya yi fice a kai, ya fi kusantowa, amma shi ma matsakaicin kaurin GaN yake bayarwa, sai an cika da lissafin kwamfuta. Da Ea na eV 2, ƙarin digiri 10 a kan 200 yana raba rayuwa kusan gida uku, digiri 20 kuma fiye da gida bakwai. Don haka in kamfani ya zana layinsa da zafin da ya lissafa na can ciki, kai kuma ka auna naka da infrared ka ɗora a kan layin, ka yaudari kanka da hannunka. Hanyar da aka bi aka samu zafin layin, ita za ka bi ka samu naka. Kada kuma ka ɗauki juriyar zafi a matsayin lamba tsayayya: SiC, gindin da GaN ke zaune a kai, da GaN ɗin duk suna rage wuce da zafi yayin da suke ƙara zafi.

Baba Injiniya

Dakta, ka bar babbar a baya. Layin nan yana ɗauka cewa ciwon da ya kashe shi a digiri 300 shi ne zai kashe shi a 150. Wa ya ce? Ciwo mai babban Ea shi ke yin gaba a tanda. Mai ƙaramin Ea yana nan laɓe, bai samu damar nuna kansa ba, sai a zafin aiki ya riga kowa.

Mu da muka yi zamanin GaAs mun gani. A shekarun 1990 an sha fama da haidurojin. Tiransisto ya ci gwajin tanda lafiya lau, a rufe shi ruf a gidan ƙarfe don kada danshi ya shiga, ashe ƙarfen gidan da rufin da aka yi masa suna fitar da haidurojin a hankali, ba kuma hanyar fita. Filatinam ɗin da ke get ya farfasa shi, ya shiga titaniyam, boltej ɗin rufewa ya goce, karent ya sauya. Gidan da aka gina don kariya shi ya zama sanadi. Sai da aka koma gasa gidajen kafin rufewa da saka abin da ke tsotse haidurojin a ciki.

Dakta Ƙarko

Haka ne Baba, ban ƙi ba. GaN ma yana da irin nasa, kuma ba zafi ne kaɗai ke tura shi ba. A 2006 Joh da del Alamo na MIT sun nuna cewa in boltej tsakanin diren da get ya wuce wani mataki, yoyon get na tashi kwatsam kuma ba ya komawa. Bayaninsu shi ne kayan yana da halin fiyezo: filin lantarki mai ƙarfi yana ƙara ja wa shimfiɗar AlGaN da dama a ɗaure take, har ta samu lahani a gefen get. Binciken da ya biyo baya ya nuna danshi da oksijin ma na da hannu wajen cin ramuka a wannan gefen, kuma lokaci na taka rawa ko da ba a kai matakin ba. Shi ya sa gwaji ɗaya ba ya isa. Akwai na get a rufe da babban boltej, akwai na DC da zafi, akwai kuma na sigina a kunne har ƙoshi. Na ƙarshen ya fi tsada da wahala, kowane tiransisto sai an ba shi nasa layin sigina, amma shi kaɗai ke kai diren inda yake zuwa a bakin aiki.

Mai Leƙe

To na rada fa, da ke kunnawa da kashewa ba iyaka? Arrhenius ya ɗauke wannan?

Dakta Ƙarko

Bai ɗauke ba. Arrhenius zafi tsayayye ya sani. Hawa da sauka gajiyar ƙarfe yake kawowa, kuma da ka'idar Coffin-Manson ake lissafa ta, inda girman tazarar zafin ke yanke yawan zagayen da abu zai jure. Radar da ke bugu 1,000 a daƙiƙa tana yin miliyan 86.4 a yini, amma gajeren bugu ɗigon can ciki da ƙarafan samansa kawai yake girgizawa, kafin zafin ya gangara gindi an kashe. Wanda ke cin dalma da wayoyin haɗi shi ne dogon zagaye, a kunna na'ura ta yi zafi gaba ɗaya, a kashe ta huce. Tagulla na buɗewa kusan kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri, SiC kusan 4, dalmar zinariya da kuza da ke tsakaninsu ita ke ɗaukar rikicin. In tsaga ta fara daga kusurwa, juriyar zafi na ƙaruwa, ɗigon ciki ya ƙara zafi, ka koma wani wuri daban a layin Arrhenius ba ka sani ba. Shi ya sa a irin wannan gwajin ake auna juriyar zafi kafin a fara, a sake aunawa a tsakiya, sannan a duba dalmar da na'urar sauti mai leƙa ƙarƙashin guntun.